Ribar bara kaɗai ba ta isa a yi wa kamfani kuɗi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan masarufi a Kasuwar Singa ta Kano, shekara goma sha takwas ke nan: taliya, magi, madara, sukari, da sari da ɗai-ɗai. Na sayar da wani filina, yanzu naira miliyan 12 na hannuna. Ɗan wana da ya gama jami'a ya nuna mini a waya cewa hannun jarin wani kamfani da nake sayar da kayansa yana naira 300, kuma ribar da kowane hannun jari ya samu bara naira 30 ce, alhali shekara goma baya naira 10 ce. Ya ce riba ta ninka uku, cikin shekara goma uwar kuɗi za ta dawo, in yi sauri kafin farashi ya tashi. Ni ma ina ganin yadda kayansu ke tafiya a kasuwa. In zuba duka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna.

Yaron bai yi maka ƙarya ba, kuma lissafinsa na 300 a raba da 30 daidai ne. Kuskuren naka ne, domin kai ne ɗan kasuwa, kai ne ka san abin da bai sani ba. Ka ɗauki ribar shekara ɗaya tak, shekarar da ta fi kyan gani a ido, ka yi wa kamfani kuɗi da ita. Da gona aka kawo maka talla a Kura, mai ita ya ce bara ta ba shi buhu ɗari na shinkafa, ai ba za ka ciro kuɗi nan take ba. Za ka tambayi maƙwabta abin da ta bayar shekarar da ruwa ya ci gonaki, da shekarar da taki ya gagari talaka, da shekarar da tsuntsaye suka sauka. Daga nan ne za ka san farashinta. To me ya sa da aka zo kan kamfani, wanda ba ka taɓa shiga ɗakin ajiyarsa ba, ka yarda da daminar bara kaɗai?

Bari mu fara da maganar "ninka uku", don ita ce ta fi ba ni haushi. Naira 10 ta shekara goma baya da naira 30 ta bara ba kuɗi iri ɗaya ba ne, suna kawai suka haɗa. A 2015 litar fetur naira 87 ce. A ƙarshen 2024 ta haura dubu. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa daga ƙarshen 2014 zuwa ƙarshen 2024 farashin kaya gaba ɗaya ya ninka sama da sau biyar, kuma a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ba ma sai ka je hukuma ba. Ɗauko tsohon littafin shagonka, ka duba nawa ka saro katan ɗin taliya a wancan lokaci. Idan naira 10 ta da tana sayen abin da sai da naira 50 ake saye yanzu, to kamfanin da ya tashi daga 10 zuwa 30 ramewa ya yi, ya zubar da kashi biyu cikin biyar na ƙarfinsa, sai dai rigar da aka sa masa ta fi ta da faɗi. Kai kanka ka san wannan ciwon: ciniki a takarda ya yi yawa, amma kuɗin da suke cika maka shago da can yanzu rabinsa ma ba sa cikawa.

Akwai awon da aka yi saboda irin wannan ruɗin. Tun 1934 wasu malamai biyu a Amurka, Benjamin Graham da David Dodd, suka ce kada a auna hannun jari da ribar shekara ɗaya, a tara ta shekaru da dama a ɗauki tsaka-tsaki. A 1988 Robert Shiller na jami'ar Yale da abokin aikinsa John Campbell suka gyara shi, ya zama ana ɗaukar shekara goma tare da cire hauhawar farashi. Masana suna ce masa CAPE, ni kuwa awon shekara goma nake ce masa. Shiller ya samu kyautar Nobel a 2013. A kasuwar hannun jarin Amurka wannan awon ya daɗe yana yawo a wajen 16 zuwa 17, sai a ƙarshen 1999 ya kai 44, lokacin haukar kamfanonin intanet, kuma ba a jima ba kasuwar ta rikito.

Aikin ba shi da wuya, gajiya ce kawai. Ka samo rahoton shekara-shekara na kamfanin har guda goma, ka fitar da ribar kowane hannun jari a kowace shekara. Kowacce ka mayar da ita nairar yau, wato ka duba sau nawa farashin kaya ya ninka daga waccan shekara zuwa yanzu, ka ninka ribar da wannan adadi. Shekarar asara ita ma a mayar da ita nairar yau, a debe ta daga jimilla, kada a tsallake ta don ba ta da daɗin gani. Ka haɗa, ka raba goma. Abin da ya fito shi za ka raba farashin yau da shi.

Ba ka turo mini sauran shekarun ba, don haka bari in yi misali da kaina. A ce bayan an mayar da komai nairar yau, shekaru bakwai na farko sun haɗu sun ba da 190. Sai shekaru biyu na faɗuwar naira suka zo da asarar 25 da 45. Sai bara ta ba da 30. Jimilla 150 ke nan, a raba goma, naira 15. Yanzu raba 300 da 15. Ashirin. Shekara goma da aka ce maka uwar kuɗi za ta dawo ta koma ashirin, kuma kamfanin bai canza ba, farashin bai canza ba, idon da aka duba da shi ne kawai ya buɗe. Ribar naira 5 ke nan a shekara a kan kowace ɗari da ka zuba, bayan an cire hauhawar farashi. Wannan ba mugun abu ba ne ga kamfani mai ƙarfi, amma ba shi ne garaɓasar da aka yi maka tallarta ba. Kuma ko wannan ɗin ba duka ke shiga aljihunka ba. Abin da shugabannin kamfani suka ga dama suka raba shi ne naka, sauran yana komawa cikin masana'anta, shekarar asara kuwa babu abin rabawa.

Kada ka ce na ƙago asarar don in tsorata ka. Dubi Nestlé Nigeria, masu Maggi da Milo da Golden Morn, kayan da ba sa kwana a shagonka. Ribarsu bayan haraji a 2014 kimanin naira biliyan 22 ce. A 2016, shekarar da aka karya darajar naira, ta faɗo zuwa kusan biliyan 8. A 2022 ta kai kusan biliyan 49, kowa yana murna an ninka. Amma tsakanin ƙarshen 2014 da ƙarshen 2022 farashin kaya ya ninka kusan uku, wato biliyan 22 ta da daidai take da sama da biliyan 60 ta 2022. Ninkin da ake murna da shi ja da baya ne. Sai ga Yunin 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen 460 har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kamfanin ya yi asarar kusan biliyan 79 a 2023, ya ƙara da ta kusan biliyan 165 a 2024. Dangote Sugar ma ya yi asarar sama da biliyan 70 a 2023.

A nan ne maganarka ta "ina ganin yadda kayansu ke tafiya" take rauni. A 2024 ɗin da Nestlé ya tafka waccan asara, cinikinsa ya haura biliyan 950, kafin nan bai taɓa sayar da kaya na kuɗi masu yawa haka ba. Motoci suna ta sauke kaya a Singa, 'yan dako suna ta gumi, amma bashin dala da ke kan kamfanin yana kumbura cikin dare. Wanda ya ci bashin dala miliyan ɗaya lokacin tana 460, da ta kai 1,500 nauyin ya ninka fiye da uku ba tare da ya ƙara karɓar sisi ba. Kamfanonin abincin leda da gwangwani kusan duk haka suke: mafi yawan alkamar da ake yin fulawa da taliya daga waje take zuwa, ɗanyen sukari daga Brazil, garin madara ma shigo da shi ake yi. Suna saye da dala, suna sayar maka da naira. Kuma a ƙasar nan faɗuwar naira ba baƙon abu ba ne, an yi a 2016, an yi a 2023. Awon da bai ƙunshi irin waɗannan shekaru ba, awon wata ƙasa ne daban.

Na tuna wani mai atamfa a Kantin Kwari da ya zo wurina a 2007. Lokacin kowa ya zama malamin hannun jari, har masu shayi suna ba da fatawa. Ya zo da jarida a naɗe, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin ribar wani banki ta shekarar. Na ce ya kawo mini na shekarun baya, ya yi dariya ya ce ni mutumin da ne. Ya zuba kuɗin sarinsa na Sallah, ya ƙara da rance. A Maris 2008 ma'aunin da ke nuna tashi da faɗuwar kasuwar hannun jarin Najeriya ya wuce 66,000, bayan kusan shekara guda ya dawo wajen 20,000. Shagonsa biyu, ɗaya ya tafi wurin biyan bashi. Har yau in mun haɗu a wurin ɗaurin aure, ba ya bari hira ta gangara wajen. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, ni goma kawai nake roƙo.

Sai dai kada ka mayar da awon nan layar tsari. Abin da ya wuce yake aunawa. A 2015 aka haɗa Kraft da Heinz a Amurka, manyan kamfanonin abincin gwangwani da kwalba masu tarihin riba mai tsawo, da kuɗin Warren Buffett, shahararren mai zuba jari na Amurka, a ciki. A Fabrairun 2019 kamfanin ya sanar cewa ya rage darajar wasu sunayen kayansa da dala biliyan 15.4, ya yanke rabon riba, hannun jarinsa ya zubar da sama da kashi ɗaya cikin huɗu a rana guda. Buffett da bakinsa ya ce sun sayi Kraft da tsada. Mutane ne suka fara juya wa kayan baya, tsofaffin alƙaluma kuma ba su da bakin faɗin haka. Wannan ne wurin da zamanka a Singa yake da amfani na gaskiya. Kai ne kake ganin ranar da mai shago daga ƙauye ya ce a bar masa wancan mai tsadar a ba shi mai araha. Kai kake ganin leda ta ƙanƙance farashi yana nan, da ranar da kamfani ya fara bin diloli da ragi don kaya sun ƙi fita. Wannan ilimin ka ɗora shi a kan awon, bayan ka yi awon.

Wasu ƙananan abubuwa da ke ɓata lissafin: in kamfani ya taɓa raba ƙarin hannun jari kyauta ko ya sayar da sababbi, yawansu ya canza, sai a daidaita tsofaffin shekarun da adadin yanzu. In kuma kamfanin sabo ne a kasuwar hannun jari, kamar BUA Foods da aka sa a Janairun 2022, tarihinsa a kasuwar bai kai goma ba, sai a yi da abin da aka samu ana sane da cewa awon gajere ne. Awon kuma ba ya gaya maka ranar da farashi zai tashi ko zai faɗi. Abu mai tsada yakan ƙara tsada shekara biyu ko uku, ɗan wanka yana yi maka dariya. Ka bar shi ya yi.

Shi kuwa zancen "a yi sauri kafin ya ninka", ban da abin cewa a kai illa wannan: shekara goma sha takwas kana kasuwa, sau nawa wanda ya ce maka ka yi sauri yake nufin alherinka?

Ga abin da zan yi da a ce kuɗin nawa ne. Zan sa yaron aiki, tunda ya iya waya: ya sauko da rahotanni goma daga shafin kamfanin ko na kasuwar hannun jari, ya samo ma'aunin farashin kaya na kowace shekara, ku zauna bayan Isha'i da biro da takarda. A rahoton ƙarshe ya nemo shafin bashi, ku ga nawa ne na dala. In awon ya fito ƙasa da 12 ko wajen haka, bashin dala kuma ba shi da nauyi, zan sa miliyan uku, sauran in biyo da shi kaɗan-kaɗan cikin shekara in abin ya ci gaba da gamsar da ni. In ya fito 20 ko sama, zan bar kuɗin su yi aiki a shagon da na san juyinsa, in sa ido in jira. Waɗannan iyakoki nawa ne, daga abin da na gani, wani mai ba da shawara zai iya ja su sama ko ƙasa kaɗan. Duk miliyan 12 a kamfani ɗaya kuwa, ko awon ya fito biyar ba zan yi ba.

In ka tashi saye, ka bi ta dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, asusun CSCS, wanda ake ajiye hannayen jari a ciki, ya kasance da sunanka da lambar wayarka da asusun bankinka, ba na yaron ba, kowane irin kirki gare shi. Lambobin goman nan in kun fitar da su, ka turo mini tare da sunan kamfanin, mu duba tare.