'Yata ta fi shi maki amma shi aka ɗauka: yaya ake raba guraben jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a nan Sakkwato. 'Yata ta ci maki 238 a jarrabawar JAMB, ta nemi karatun likita a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Jerin sunaye na farko ya fito babu nata. Ga yaron maƙwabtanmu da ya ci 190, an ba shi gurbi har an gama yi masa barka. Yanzu wani ya ce in kawo kuɗi zai sa a saka sunanta. Don Allah wa ke duba takardun yaran nan, da me ake aunawa, kuma ta ina za mu san gaskiyar matsayinta?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yarinya albarka, maki 238 cikin 400 ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Tun kafin mu yi nisa, kada ki ba mutumin nan ko sisi.

Ki fara binciko fannin da yaron maƙwabtanku ya nema. Ina kyautata zaton ba likitanci ba ne. Jami'a ba ta jera dukan masu nema a sahu ɗaya. Kowane fanni da nasa jerin, kamar yadda a tasha motar Illela daban take da ta Gusau: wata na jiran fasinja, wata ta cika tun da asuba. Wanda ya ci 190 zai iya zama na gaba-gaba a fannin da masu nemansa ba su da yawa, mai 238 kuma ta tsinci kanta can baya a likitanci, domin nan ne masu manyan maki suke taruwa. Guraben likitanci kuwa ƙididdigaggu ne. Bayan iyakar da hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ke sa wa kowace jami'a, majalisar likitoci ta MDCN tana ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makarantar likita za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin koyarwarta. Jami'ar da ta zarce adadin tana jefa kanta da ɗalibanta cikin matsala.

Abin da ke ruɗa iyaye shi ne makin da ake sanarwa a rediyo bayan taron da JAMB ke yi da shugabannin makarantu kowace shekara. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin ilimi da na fasaha. Wannan shi ne mafi ƙarancin makin da za a ma dubi takardar yaro da shi. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata sama da haka, kowane fanni kuma da nasa a cikin jami'ar.

Sannan ba makin JAMB kaɗai ake aunawa ba. Akwai tantancewar da jami'a ke yi da kanta, wato Post-UTME, wadda a wasu wurare jarrabawa ce a kwamfuta, a wasu kuma duba takardu ne kawai. Akwai sakamakon sakandare na WAEC, NECO, NABTEB ko NBAIS: ga fannin kimiyya irin nata, kiredit 5 har da Turanci da lissafi, a zaman jarrabawa ɗaya ko biyu, kuma makarantun likita da yawa zama ɗaya suke so. Jami'o'i da dama suna mayar da darajar kowane darasi maki, su haɗa da na JAMB. Ta haka yaro mai A1 da B2 kan tsere wa wanda ya fi shi a JAMB amma takardarsa cike take da C6.

Bayan an jera su sai rabo. A jami'o'in gwamnatin tarayya, kashi 45 cikin 100 na guraben na masu fifikon maki ne daga ko'ina a Najeriya, kashi 35 na 'yan jihohin da jami'ar ke yankinsu, kashi 20 na jihohin da aka ayyana cewa suna baya a karatun boko. 'Yar Sakkwato da ta nemi Danfodiyo tana da ƙofa a duka ukun, kuma wannan gata ne na gaske. Sai dai 'yan'uwanta na Sakkwato da Kebbi da Zamfara su ma ta waɗannan ƙofofi suke shiga, kuma a cikin kowane kaso maki ne ke raba gardama. Ni ina goyon bayan wannan rabo, domin ba don shi ba da yaran ƙauyukanmu da yawa ba su taka jami'a ba. Abin da nake fata shi ne kowace jami'a ta riƙa bayyana makin da aka tsaya a kansa a kowane fanni da kowane kaso, a fili, da zarar an fitar da sunaye. Rashin wannan bayani ne ke barin uwa irinki cikin zullumi, kuma a cikin zullumin nan 'yan damfara suke cin kasuwarsu.

Yanzu ga yadda hukunci ke tafiya. Tun 2017 duk wani gurbi na jami'a, kwalejin fasaha ko kwalejin ilimi dole ya bi ta manhajar JAMB da ake kira CAPS. Jami'in ɗaukar ɗalibai na makaranta ne ke gabatar da suna, shugaban makarantar ya amince, sannan JAMB ta duba ko an bi ƙa'ida, ko an tsallake mai maki sama ba tare da hujja ba, kafin ta sa hannu. JAMB ba ta zaɓar wa jami'a ɗalibi, jami'a kuma ba ta iya kammala ɗauka ita kaɗai. Mataki na ƙarshe na yarinyar ne: sai ta shiga shafinta da adireshin imel da kalmar sirrin da ta yi rajista da su, ta danna cewa ta karɓa ko ta ƙi. Bayan nan ne za ta buga takardar shaidar gurbi ta JAMB, ta koma shafin jami'a ta biya kuɗin karɓa, a tantance takardunta na asali. Akan turo saƙo ta waya, amma kada ku zauna jiransa, musamman idan lambar da aka sa a rajista ba tata ba ce. Akwai wa'adin karɓa, wanda ya yi sakaci gurbinsa na iya komawa hannun wani.

Wannan ne ya sa na ce ki riƙe kuɗinki. Masu irin wannan alkawari iri biyu ne. Wani caca yake yi: ya karɓi kuɗin iyaye da yawa, wanda ɗansa ya samu da ƙoƙarinsa ya ce aikinsa ne, wanda bai samu ba ya ce a yi haƙuri sai baɗi. Wani kuma takardar bogi zai bugo muku. Gurbin da bai bi ta CAPS ba, hukuma ba ta san da shi ba, kuma yaro na iya shafe shekaru yana karatu sai lokacin bautar ƙasa a nemi sunansa a rajistar JAMB a rasa.

Ga abin da nake so ku yi a wannan makon. Ki sa ta buɗe shafinta na CAPS a gabanki, ku duba ko sakamakonta na sakandare yana ciki. Yara da yawa suna rajista kafin sakamako ya fito, daga baya su manta da komawa cibiyar kwamfuta da JAMB ta amince da ita a ɗora shi. Wanda nasa ba ya ciki, jami'a ba ta iya gabatar da sunansa ko da ya fi kowa maki, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka fi hana yaranmu gurbi ba tare da sun sani ba. Ku duba darussan da ta rubuta. Likitanci na buƙatar Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Ku tabbata ta yi rajistar tantancewar jami'a, kuma sunanta da ranar haihuwarta sun dace da na lambar NIN. Shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga. Idan mai shagon intanet ne ya buɗe mata imel, ta canza kalmar sirri yau, don duk mai riƙe da ita zai iya karɓa ko ƙin gurbi da sunanta.

Ku kuma leƙa wurin da ake nuna tayin sauya fanni. Jami'a kan ga yarinya mai maki kamar nata ba ta kai ga likitanci ba, sai ta yi mata tayin wani fannin kimiyya, kuma ba za a ci gaba da maganarta ba sai ta amince da sauyin. A nan ku zauna da ita da mahaifinta a yi shawara cikin natsuwa, domin da zarar ta karɓi gurbi ɗaya, sauran ƙofofin wannan shekara sun rufe. Idan likitancin ne a ranta har zuci, sake zama jarrabawa baɗi ba abin kunya ba ne, amma ta sani makin bana ba ya tsallakawa zuwa wata shekara. Idan kuwa burinta aikin lafiya ne gaba ɗaya, Danfodiyo na da harhaɗa magunguna, gwaje-gwajen asibiti da likitan dabbobi, ko da yake su ma ana rububinsu. Tana iya sauya zaɓi ta hanyar JAMB zuwa wani fanni, ko zuwa Jami'ar Jihar Sakkwato, matuƙar ba a rufe ba.

Jerin farko ba shi ne na ƙarshe ba, sunaye kan fito kashi-kashi. Idan kun duba komai daidai ne, kuma kuna da hujjar cewa an ɗauki wanda bai kai ta ba a fanni ɗaya da kaso ɗaya, ku shigar da ƙorafi ta shafin JAMB, kyauta ne, ko ku je ofishinta da ke nan Sakkwato da lambar rajistarta da kwafin sakamakonta.