Tambaya da Amsa: Masu gashin burodi da masu moto ba sa ga maciji

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ke kula da wani gidan burodi a unguwar Zariya, nan Maradi, mu 14 ne. Wata uku ke nan masu gashi da masu rarrabawa a moto suna zaman doya da manja. In burodi ya yi kwantai, masu moto su ce an makara wajen fiddo shi, masu gashi su ce ana sayarwa a danne kuɗin. Ga ƙanen maigida, ina ba da umurni yana warwarewa. Sau biyu na tara su, aka tashi baram-baram. In sallami wanda ya fi baki a cikinsu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sallami kowa tukuna. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a ganinmu abin da ya haɗa su rashin lissafi ne. Muddin babu wanda ya san burodi nawa ya fita da kuma lokacin da ya fita, duk wanda ka ɗauko zai gaji wannan faɗan.

Taron da ka kira ya watse ne domin a gaban abokansa mutum ba ya amsa laifi. Ka ji su ɗai-ɗai, minti 15 kowa, bayan masu dare sun yi barci sun tashi. Tambaya uku ta isa: me ya faru, wace rana, me kake so a gyara. Kada ka ce wa kowa "wane ya ce".

Daga nan ka sayi kaye ɗaya, wato littafin rubutu, ka ajiye bakin tanderu. A rubuta ƙarfe nawa gashin farko ya fito, guda nawa kowane mai moto ya ɗauka, nawa ya maido, nawa ya zuba na kuɗi. Mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu tare, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. Lokacin nan shi ne kan maganar, domin mai shayi yana son burodinsa kafin a fito sallar asuba. Aka makara da awa ɗaya, ya riga ya karɓi na wani. Sati biyu na wannan rubutu zai nuna inda ɓarakar take. Sa'annan wakilai bibbiyu su zauna da kai, ku yanke wanda kwantai zai hau kansa in an makara, da wanda zai hau kansa in an fito da wuri, a rubuta a manna a bango. Inda ake yawan ɓata wannan shiri shi ne a bar kayen hannun ɓangare guda.

Maganar ƙanen maigida ta fi nauyi, don ba kai za ka taka masa birki ba. Ka samu maigidan shi kaɗai, ba da ƙara ba. Ka kawo masa ranaku biyu ko uku da umurni ya ci karo da asarar da aka yi, ka roƙe shi ya faɗa da bakinsa, gaban kowa, wanda ke da kula da aiki da wanda ke da kuɗi.

Akwai kuma doka. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ce inda ma'aikata suka wuce 10 a zaɓi wakilansu, waɗanda ake kira delege, kuma ku kun wuce. Awa 40 ne aikin mako, abin da ya haura ana biyansa daban. Ka duba ko wannan na cikin abin da ke cin ran masu dare. Sallama kuma sai da dalili karɓaɓɓe, saboda haka in kayen ya kama wani, ka ba shi damar kare kansa, ka rubuta komai. In ya ga an zalunce shi, yana iya zuwa wurin sufeton ƙwadago na Maradi a nemi sulhu, in bai yiwu ba a wuce kotun ƙwadago.