Tambayoyinku: Ana Iya Gyara Takardar Sallamar Sojan Amurka da Aka Kora Saboda Laifi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni 'yar asalin Kumasi ce, ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma na rubuto ne a kan ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya. Ya shiga rundunar sojan ƙasa ta Amurka yana ɗan shekara ashirin, ya sami zama ɗan ƙasa ta dalilin aikin, aka kuma tura shi Afganistan. Da ya dawo sai muka ga kamar an musanya mana shi, domin ba ya barci, ƙara kaɗan takan firgita shi, ya kuma daina shiga mutane. Daga baya aka gwada fitsarinsa aka sami tabar wiwi, sannan ya yi fashin aiki na wasu kwanaki ba da izini ba, sai aka sallame shi bayan ya yi shekara huɗu, da takarda mai ɗauke da haruffan OTH. Yau shekara shida ke nan. An hana shi tallafin karatu na tsofaffin sojoji, kuma duk aikin kirki da ya nema takardar ce ke tare masa hanya. An ce mana takan gyaru da kanta bayan wata shida, amma shiru. Mahaifiyarmu har yau ba ta san gaskiyar abin da ya faru ba. Akwai hanyar gyara ta? Zan iya nema a madadinsa, tunda shi ko zancen ba ya so?

Daga wata mai karatu, Bronx, New York

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan zumunci, ya kuma ba ƙanenki lafiya. Akwai hanya, kuma bisa abin da kika bayyana, ƙanenki yana cikin mutanen da dokokin shekarun baya-bayan nan suka fi sassauta wa. Amma bari in fara kawar da zancen wata shida, domin ya cuci mutane da yawa. Babu wata doka a Amurka da ta ce takardar sallama takan gyaru da kanta, ko bayan wata shida ko bayan shekara sittin. Tsohuwar jita-jita ce da ke yawo a barikoki, kuma sau da yawa ita ke sa matashin soja ya sa hannu a takardar korarsa hankali kwance, yana zaton abin na ɗan lokaci ne. Wanda bai nema ba, ba za a taɓa duba maganarsa ba.

Ya kamata ki san matsayin takardar da ke hannunsa. Sallama daga aikin sojan Amurka hawa-hawa ce. Ta sama ita ce sallamar girmamawa, sai ta gama-gari wadda har yanzu ake lissafa ta a cikin na mutunci, sai wadda aka ba ƙanenki, wato OTH, sallamar da ba ta girmamawa ba. Waɗannan uku shugabannin soja ne ke bayar da su ta hanyar gudanarwa, ba tare da an je kotu ba. Ƙasa da su akwai guda biyu, ta mugun hali da ta ƙasƙanci, waɗanda kotun soja kaɗai ke yanke su a matsayin hukunci. Saboda haka ƙanenki ba wanda kotu ta kama da laifi ba ne, kuma ina so ki faɗa masa wannan da bakinki, domin da yawa daga masu irin takardarsa suna kallon kansu tamkar waɗanda suka fito daga kurkuku. Duk bayanin yana kan takardar da ake kira DD 214, wadda ke nuna nau'in sallamar, da dalilinta, da wata lamba da ke faɗin ko mutum zai iya komawa aikin soja. Duk ukun ana iya neman a sauya su, kuma mutane kan manta da na biyun, wato dalilin, alhali kalmar laifi ko ta shan ƙwaya a gurbin dalili ita ce mai ɗaukar aiki yake fara gani.

Hukumomi biyu ne ke wannan aiki a kowace runduna. Ta farko ita ce hukumar sake duba sallama, wadda dokar 1944 ta kafa tun ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Ana nema da fom mai lamba DD 293, kuma dole a nema cikin shekara 15 daga ranar sallama, wa'adin da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansa. Ƙanenki ya ci shida, saura tara. Ta biyu ita ce hukumar gyara bayanan soja, wadda ta samo asali daga dokar 1946, ana nema da fom DD 149. Ikonta ya fi na ta farko faɗi, wa'adinta kuwa shekara uku ne daga lokacin da mutum ya gano kuskure ko zaluncin da aka yi masa, sai dai tana iya yafe wa'adin idan adalci ya buƙaci haka. Shawarata ita ce ya fara da ta farko, ya nemi a duba takardunsa ba tare da ya bayyana ba. Idan aka ƙi, yana da damar neman zama na biyu inda zai yi magana da kansa, in ma hakan bai yi ba ya wuce hukuma ta biyu. Neman kyauta ne, kuma hukumar ba ta da ikon mayar da takardarsa ta fi yadda take muni.

Inda mafi yawan masu nema ke faɗuwa shi ne wajen hujja. Hukumar takan fara ne da ɗaukar cewa rundunar ta yi komai bisa ƙa'ida, nauyin nuna akasin haka kuwa yana wuyan mai nema. Tambayoyi biyu take yi: an bi doka wajen sallamar, kuma an yi adalci? Wasiƙar da ba ta ƙunshi komai ba sai roƙo, cewa ina so in yi karatu, ina da iyali, ku tausaya mini, ba ta amsa ko ɗaya daga cikinsu ba, komai gaskiyar mai rubuta ta.

A nan ne labarin da kika bayar yake da nauyi. Rashin barci, firgita da gudun mutane bayan dawowa daga fagen yaƙi alamu ne da suka yi kama da cutar firgici da kan biyo bayan tashin hankali, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da PTSD, ko da yake likita ne kaɗai zai tabbatar. Shekaru da dama rundunonin Amurka suna korar irin waɗannan matasa a matsayin marasa ɗa'a, har tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam suka kai ƙara kotu. A watan Satumba na 2014 Sakataren Tsaro Chuck Hagel, wanda shi ma ya yi yaƙin Biyetnam, ya umarci hukumomin su riƙa sassautawa ga masu wannan cuta. A watan Agusta na 2017 wani babban jami'in ma'aikatar tsaro, Anthony Kurta, ya faɗaɗa umarnin ya haɗa da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa, da raunin kai, da cin zarafi ta hanyar lalata. Takardar Kurta ta tsara tambayoyi huɗu, kuma a kansu ya kamata a gina dukkan buƙatar ƙanenki: ko yana da wata cuta ko wani abu da ya same shi wanda zai iya zama uzuri, ko abin ya faru ne yana cikin aikin soja, ko da gaske shi ne ya jawo laifin, sannan ko nauyinsa ya rinjayi nauyin laifin. Takardar ta yarda cewa binciken likita da aka yi bayan sallama hujja ne, kuma maganar tsohon sojan ita kanta shaida ce. Ta ce laifin da aka shirya da gangan ba kasafai cuta ke wanke shi ba, amma ta ware shan wani abu don danne alamun cuta a matsayin abin da za a iya dubawa da sassauci. Mutumin da ya nemi wiwi domin ya samu ya rintsa, ya kuma gudu daga bariki na 'yan kwanaki saboda ya kasa jure hayaniya, ya shiga cikin wannan bayani, muddin likita ya rubuta alaƙar ƙarara. Sanin cewa yana da cutar kawai bai isa ba, sai an nuna yadda ta kai shi ga abin da ya yi.

Akwai kuma umarni na uku, na wani babban jami'in ma'aikatar tsaron, Robert Wilkie, a watan Yuli na 2018, wanda ya ce a duba halin mutum bayan sallama: aikin da ya riƙe, karatun da ya yi, hidimarsa ga jama'a, tsawon lokacin da ya wuce, da ƙuruciyarsa lokacin da ya yi laifin. A nan wasiƙar limamin masallacinku, da ta wanda yake yi wa aiki, da taki ke kanki, suna da amfani. Taki ma tana iya fin sauran, domin ke ce kika san shi kafin ya tafi da bayan ya dawo. Ki rubuta abin da idonki ya gani, da lokacinsa, ba yabo ba. Idan akwai wanda suka je Afganistan tare da zai ba da shaidar abin da ya faru a can, a neme shi.

Kafin a cika kowane fom, sai ya nemi cikakken fayil ɗinsa na aiki da na asibitin soja, ta hanyar fom SF 180 ko ta intanet, domin lauya ya ga ko an ba shi damar kare kansa yadda doka ta tanada, da ko ya taɓa kai kuka wajen likitan bariki. A duba kuma ko ya taɓa kammala wa'adin aiki na farko ya sake sabuntawa kafin matsalar ta taso, domin idan haka ne, wancan wa'adi na iya ba shi haƙƙoƙi shi kaɗai. Game da lauya kuwa, kada ku yi gaggawar biyan kuɗi. Makarantun koyon aikin lauya da dama suna da sashen taimaka wa tsofaffin sojoji kyauta, kuma irin wannan sashe na Jami'ar Yale ne ya jagoranci ƙarar da ta sa rundunar sojan ƙasa ta amince a 2021 za ta sake duba buƙatun tsofaffin sojojinta na zamanin yaƙin Iraƙi da Afganistan da ta ƙi a baya.

Wani abu da ba ki tambaya ba, amma ba zan yi shiru a kansa ba, shi ne maganar zama ɗan ƙasa. Dokar shige da fice ta Amurka ta ce wanda ya sami zama ɗan ƙasa ta hanyar aikin soja, aka kuma sallame shi da irin wannan takarda kafin ya cika shekara biyar yana aiki cikin mutunci, ana iya neman a soke masa shi. Ba abu ne da ke faruwa kai tsaye ba, sai gwamnati ta bi ta kotu, kuma ban faɗa don in tayar miki da hankali ba. Amma tunda shekara huɗu ya yi, lallai ya zauna da lauyan shige da fice kafin ya rubuta ko ya sa hannu a kan duk wani bayani da ya shafi shan wiwi, kuma wannan ƙarin dalili ne na kada a bar takardar yadda take.

A sani kuma cewa gyaran na iya tsayawa a rabin hanya. Hukumar tana iya ɗaga shi zuwa sallamar gama-gari kawai, wadda ke buɗe mafi yawan haƙƙoƙi, amma tallafin karatun nan da aka hana shi sai mai sallamar girmamawa. Amsar kuma takan ɗauki watanni masu yawa, wani lokaci fiye da shekara. Sai dai magani bai kamata ya jira wannan ba. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, tana da nata binciken daban, inda takan duba ko mai irin takardarsa ya cancanci kulawa da diyya duk da ba a sauya takardar ba, kuma a watan Yuni na 2024 ta sassauta ƙa'idojin ta yadda za a yi la'akari da halin matsi da ya kai mutum ga laifi, har ma ta ce waɗanda aka taɓa hanawa su sake nema. Fashin aikin da doka ta ɗauka da tsanani shi ne na kwana 180 a jere ko fiye, na ƙanenki kuwa kwanaki ne. Ban da haka, wanda ya yi fiye da kwana 100 a aiki, aka kuma kai shi fagen yaƙi, yana da damar samun kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocinsu ko da takardarsa OTH ce. Idan kuma wata rana kika ji yana zancen gajiya da rayuwa, ki kira 988 ki danna 1 nan take, kowane lokaci na dare ko rana.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mafi wuya. Doka ba ta ba ki damar nema a madadinsa ba, sai idan mutum ya rasu ko an tabbatar ba ya cikin hayyacinsa. Dole shi zai sa hannu, kuma shi zai rubuta labarinsa, ya amsa laifinsa ba tare da ɗora wa kowa ba, sannan ya faɗi abin da ke faruwa da shi a lokacin. Na fahimci dalilin gudun zancen, domin a wajenmu namijin da ya ce tsoro ya hana shi barci yana jin ya zubar da girmansa, balle a haɗa da wiwi da kora. Don haka kada ki fara tunkararsa da fom. Ki fara da maganar barcin, ki ce ku je ya ga likita, ki raka shi in ya yarda, domin rahoton likitan nan shi ne zai zama ginshiƙin buƙatar daga baya. Maganar mahaifiyarku kuwa, a bar masa ya zaɓi lokacin faɗa mata, amma idan ya tashi, a fara gaya mata ciwon kafin a gaya mata laifin, domin ciwon ne ya riga zuwa. Ke kuma a wannan makon ki nemo takardar DD 214, ki rubuta ranar sallamar a wuri mai kyau saboda lissafin wa'adin, ki kuma fara naki bayanin tun abubuwan da kika gani ba su dushe miki ba.