Amsar Hajiya a guruf kan 'yar reno da abincin gida

Salamu alaikum matan gida, ina wuninku. Ƙanwata, na saurari muryarki har ƙarshe. In na ji daidai, yarinyar da ke riƙe miki yaro tana zuwa ƙarfe 8 in za ki biro, ta tafi ƙarfe 2 in kin sauko. Yanzu kin lura gwangwanin madara ba ya kai miki yadda ya saba, Solanin, nonon kamfani da kike aje wa yara a firigo, yana raguwa, shekaranjiya ma kin tarar an tsame nama a miyar maigida. Kina tambaya ko ki sa kwaɗo ko ki sallame ta.

To, ranar da aka kawo ta, me kika ce mata a kan abinci? Na san amsar. "Ki saki jikinki, nan gidanku ne." Haka dukanmu muke faɗa, don kunya. Yarinya ta ɗauki magana yadda aka ba ta, ke kuma kin koma gefe kina ƙirga tsokar nama. Ba ki gaya mata iyakarta ba, don haka ba ki da hujjar cewa ta ƙetare.

Abincinta dai haƙƙinta ne, wannan ba a ma zancensa. Awa 6 tana goye da yaro. Da yawansu daga ƙauyukan Tibiri ko Madarunfa ake kawo su, suna raɓe gidan wata gwaggo a unguwar Bagalam nan Maradi, su tako da ƙafa har unguwar Ali Ɗan Sofo ba su sa komai a baki ba. Mai jin yunwa da kofin kunun yaro a hannunta, me kike tsammani? A hadisin Abu Huraira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarnin in mai yi maka hidima ya kawo maka abinci, ko ka zaunar da shi ku ci, ko ka ɗiba ka ba shi. Saboda haka ki ware mata kwanonta. Da safe koko da ƙosai ko shayi da burodi, da rana abin da gida ya ci, shinkafa da wake ne, dambu ne, har da yankan namanta a kai. Ke za ki zuba da hannunki kafin ki fita, ki nuna mata, ki ce wannan naki ne.

Inda ba sassauci shi ne kayan yaro. Madararsa, Cerelac ɗinsa, ayabarsa. Ki zaunar da ita ki buɗe gwangwanin a gabanta, ki faɗa mata kuɗinsa, don wallahi wata ba ta san jaka nawa ba ne, gani take kamar garin hatsi. Tun rufe iyakar Najeriya a 2023 kowa ya san yadda kayan kanti suka yi. Amma ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Yarinyar da ta ɗibi madara ta zuba a shayinta, tsoron kada ki gane zai sa ta rage cokali ta ƙara ruwa in za ta dama wa yaro. Ki ga yaro yana ta kuka, yana ramewa, kina ta yawon likita. Ki auna na yinin a ƙaramin gwangwani, babban ki ɗauke.

Na tafiya da shi gida kuwa, sai abin da kika miƙa mata. In tuwo ya kwana ki ba ta, lada ne. Amma ba ta ɗiba da kanta ko da ƙanzo ne.

Zancen kwaɗo, mangaza mai buhun shinkafa da jarkar mai a rufe ta, ba laifi, ko ba 'yar aiki ma ana rufewa. Firigo dai kada ki rufe. Zafin Maradi na watan Afrilu, ki hana ɗiyar mutane ruwan sanyi? Haba. Kuma kada ta wayi gari ta ga kwaɗo ba a yi mata magana ba, ta gane ɓarauniya kika kira ta.

Na ji wata 'yar uwa ta ce a zabge mata a kuɗin wata. A'a, Anti, ki yi haƙuri, ban yarda ba. Nawa ne kuɗin gaba ɗaya? Ki yi mata magana ku biyu a ɗaki, ba gaban yara ba, don gobe su ne za su riƙa yi mata gori. In ta sake bayan an gaya mata, sai ki kira wadda ta kawo ta.

Af, kafin ma ki kira ta, Solanin nan ki fara tambayar manyan yaranki da ke dawowa daga lakwal da rana kafin ki iso.