Motata ta ce 46, rediyo ya ce 40, wa za mu yarda da shi?

Tambaya: Salam malam. Ni direba ne, Bauchi zuwa Gombe nake yi. A watan Afrilu motata ta nuna min zafi 46 a Alkaleri, rediyo kuma ya ce 40. In a nan ma baki bai zo ɗaya ba, ta yaya masana ke cewa duniya ta ƙara zafi, har da faɗin yadda za a kasance nan da shekara 50?

Amsa: Wa'alaikumus salam malam direba. Babu wanda ya yi ƙarya, wurin awon ne ya bambanta. Na'urar motarka tana gaba wajen bamba, dab da kwaltar da ta sha rana tun safe, ga hucin inji, in ka tsaya lodi a tasha ma sai ta ƙara hawa. Su kuwa NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya da rediyo ke faɗin awonta, ma'auninsu cikin wani farin akwati mai kafofin iska yake, sama da ƙasa kamar mita ɗaya da rabi, rana ba ta dukansa kai tsaye. Haka ƙa'idar take ko'ina a duniya.

To kuma ba haɗa zafin Jos da na Gombe ake a raba biyu ba. Kowane wuri da kansa ake gwada shi, Afrilun bana a kan matsakaicin Afrilun shekara 30, wannan tazarar ita ake tarawa daga dubban tashoshin awon yanayi, a haɗa da awon teku. Akwai matsala kam, dubi yadda Gombe ta cika da kwano da siminti tun da ta zama babban birnin jiha a 1996, tashar da gari ya cinye dole ta nuna ƙarin zafi, shi ya sa ake gwada ta da maƙwabtanta a gyara. Da irin wannan lissafi hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ta zarce shekarun 1850 zuwa 1900 da wajen digiri 1.55.

Maganar shekara 50 kuma, kai ma ai ba ka san fasinja nawa za ka samu jibi ba, amma ka san satin sallah tasha cika take. A kwamfuta ake yanka sararin samaniya gida-gida, a lissafa hasken rana da ke shiga da zafin da ke fita, da iskar kabon da ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420. Ni abin da ya sa na yarda da lissafin shi ne an jarraba shi. Tun 1967 wani masanin yanayi mai suna Manabe, wanda ya ci kyautar Nobel a 2021, ya lissafa cewa in kabon ya ƙaru ƙasa za ta ɗumama amma can sama sosai sanyi zai ƙaru, balan-balan ɗin awo da tauraron ɗan adam suka zo suka tarar haka ne. Da rana ce ta ƙara ƙarfi ai har saman zai yi zafi. Dutsen Pinatubo na Filifin ma da ya yi aman wuta a 1991 an ce duniya za ta huce da kusan rabin digiri, kuma ta huce.

Inda lissafin ke ɗingishi shi ne ruwan sama a yankinmu na Sahel, nan kam kwamfutocin kan saɓa wa juna, ga tashoshin awo sun yi ƙaranci a Afirka. In kana son motarka ta kusanci na rediyo, duba ta kana cikin gudu, ba a tsaye ba.