Rigar dalma da ƙafar da ke kan feda

Jiya da muka fito daga aikin ƙona jijiyar da ke rikita wa matar nan bugun zuciya, ka tare ni wajen wanke hannu ka ce, "Oga, tunda muna sanye da rigar dalma, me ya sa kake ta faɗa a kan feda?" Wato fedar da ake takawa a kunna hasken eksre, wanda rigar ke kare mu daga gare shi. Na ce ka bari sai da safe, don bayana ya riƙe, ga kuma cunkoson hanyar Nyanya yana jirana. To ƙanena, ga amsarka.

Kai ne ke da riga, ita da ke kwance ba ta da ko ƙyalle. Hasken eksre daga ƙarƙashin gado yake tasowa, ya ratsa bayanta, kaɗan ne ke isa farantin da ke sama ya zama hoton da kake kallo. Yawancin abin da ke samunka daga jikinta yake fallatsowa, kamar ruwan famfo in ya daki dutse. Saboda haka duk abin da ka rage mata, ka rage wa kanka, da nas, da mai ba da maganin barci.

Abin da na gani jiya shi ne, idonka yana kan layukan lantarkin zuciya, ƙafarka kuma tana danne da feda. Wa ke kallon hoton? Babu. Injin yana riƙe hoton ƙarshe a allo, in wayar da muka zura cikin zuciya ba motsi take ba, wannan ya ishe ka. Ka taka, ka gani, ka ɗaga. Wannan ɗabi'ar tun yanzu za ka koye ta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai saitin injin. Masu duba toshewar jijiyoyin zuciya sukan yi aiki da hoto 15 a daƙiƙa, su da dalili, don siraran jijiyoyi suke bi. Mu wayoyinmu masu kan ƙarfe ne, ko makaho ya laluba zai gan su. Ka sauke zuwa 7.5, in ka saba ka yi ƙasa da haka. Hoton zai riƙa ɗan tsalle, kwana biyu idonka zai daina lura. Ɗaukar sini kuwa, wato hoton nan mai kyau na ajiya, yakan ci kamar ninki 10 na kallon yau da kullum, alhali injin yana iya adana abin da ka riga ka kalla. Ka tsuke tagar hasken ta tsaya a kan zuciya, ba ruwanka da kafaɗa da hanta. Farantin sama ka sauko da shi kusa da ƙirji.

Akwai abin da yara ba sa lura da shi, wato juya injin. In ka karkata shi sosai zuwa hagun mara lafiya, hasken zai ratsa nama mai kauri da ƙashin baya, injin kuma da kansa zai ƙara wuta ba tare da ya tambaye ka ba. Sannan bakin da hasken ke fitowa ya dawo gefenka, tunda a gefenta na dama kake tsaye. In ba dole ba, kada ka daɗe a wannan kusurwa. Nisa ma magani ne: ka ninka tazararka sau biyu, abin da ke samunka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa nake cewa nas ta ja da baya in ba allura za ta yi ba.

Illar ga mara lafiya ba a ɗakin take nunawa ba. Daga gire 2, wato ma'aunin hasken da jiki ya sha, fatar baya takan yi ja, wani lokaci sai bayan makonni. Lokacin ta koma Keffi ko Suleja, ta je kemis an ba ta man ƙyasbi, babu wanda ya tuna da mu. Don haka in aiki ya yi tsawo, ka rubuta adadin da injin ya nuna a fayil, ka gaya mata a riƙa duba mata bayanta.

Kai kuma bajon awonka, mai ƙirga hasken da ka sha, na gan shi rataye a kabad. Hukumar NNRA da ke nan Abuja ita ke sa ido a kan masu aiki da radiyeshan, ƙa'idar duniya kuma milisibat 20 ne (ma'aunin radiyeshan da mutum ya sha) a shekara in an raba a kan shekara 5, kada shekara ɗaya ta wuce 50. Mutum yana zaman gidansa ma yakan sha kamar 2.4 a shekara daga ƙasa da iska. Ni da na tashi a Bukuru muna wasa a kan tarin ƙasar kuza, na san nawa ya fi haka, shi ya sa ba na son ƙari. A 2011 aka sauke iyakar ido daga 150 zuwa 20 saboda yanar ido. Gilashin dalma da abin wuya ba ado ba ne, haka garkuwar da ke rataye a rufi da labulen gefen gado.

Ka ji ana maganar CARTO da EnSite, na'urorin da ke zana taswirar zuciya su nuna inda wayar take ba tare da eksre ba. Gaskiya ne, da su akan yi aiki da haske kaɗan ƙwarai ko babu sam, kuma ga yara da mai juna biyu babu kamarsu. Sai dai kayansu da dala ake saye, ba kowane iyali ke iya biya ba. Ko ranar da muke da su, kada neman suna ya hana ka taka feda. In waya ta cije a hanya ba ka san inda kanta yake ba, ka duba. Huda bangon zuciya ya fi daƙiƙa biyar na eksre muni nesa ba kusa ba.

Rigar da ka cire jiya ninke ta ka yi a kan kujera. Ninki yana tsaga dalmar ta ciki, ido ba ya gani. Gobe ka zo ƙarfe bakwai, kafin a shigo da mutum na farko mu shimfiɗa rigunan duka a ƙarƙashin injin mu duba su, da taka za mu fara.