Shin Kanjamau Ƙaruwa Take Yi Ko Raguwa?

Tambaya: Likita, na ji a rediyo cewa masu ɗauke da ƙwayar cutar kanjamau a duniya sun kusa miliyan 40, amma kuma ana cewa an ci ƙarfinta. Wanne zan ɗauka? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: 'Yar'uwa, duka biyun gaskiya ne. Alƙaluman 2023 na UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da kanjamau, sun nuna mutum miliyan 39.9 ke rayuwa da ƙwayar, kuma adadin yana hawa ne saboda mutane sun daina mutuwa kamar da. A 2004 cutar ta kashe kimanin mutum miliyan 2, a 2023 kuwa 630,000. Fiye da miliyan 30 suna shan magani.

Na ga zamanin da ake kawo mana majiyyaci a rame, fata da ƙashi, harshe ya yi fari fat, gudawa ta ƙi tsayawa, ba mu da abin ba shi sai ƙarin ruwa da addu'a. Yau ƙwayar magani ɗaya ce a rana. Wanda ya riƙe ta da gaske har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin auna yawanta a jini, ba ya shafa wa abokin zamansa ta hanyar auratayya. Ina so kowa ya ji wannan, domin tsangwama ta raba aure da yawa ba gaira ba dalili.

Taswirar ma ta sauya. A Afirka kudu da Sahara sabbin kamuwa sun ragu da fiye da rabi tun 2010, alhali suna ƙaruwa a Gabashin Turai, tsakiyar Asiya, Gabas ta Tsakiya, Arewacin Afirka da Latin Amurka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yara da 'yan mata. A 2023, kimanin 'yan mata 4,000 masu shekara 15 zuwa 24 ke kamuwa duk mako, yawancinsu a nahiyarmu. A wannan shekarar, cikin yara masu ɗauke da ƙwayar, kashi 57 cikin ɗari ne kawai ke samun magani. Ga kuma tangal-tangal ɗin da PEPFAR, shirin tallafin Amurka na yaƙi da kanjamau, ya yi tun farkon 2025, a shekarar da aka amince da allurar rigakafi ta lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara.

Idan kina da juna biyu, ki nemi gwajin a wajen awo. Da magani, da yardar Allah, jaririn zai fito lafiya ƙalau.